George Clifford: Barden Sarauniya ko Ɗan Fashin Teku?

Malam Mai Alli:
Sallama gare ku, ku matso kusa 'yan'uwa,
George Clifford na Cumberland zan waƙe, barden ruwa.
A 1558 aka haife shi, ɗan gidan manyan Turawa,
Bai cika sha biyu ba ya gaji uba bayan rasuwa.
A 1588 ya tari jiragen Sifaniya, ba tsoron mutuwa,
Safar hannun Sarauniya Elizabeth ta Ingila na hularsa, abin nunawa.

Autan Zaure:
Malam, a gafarce ni, yabon nan ya fi ƙarfin shi,
Caca da sukuwar doki suka tsunduma shi a bashi.
Ganima ya fita nema, ita ce teku ta kai shi,
Ko da takardar Sarauniya, sunan aikin fashi.

Malam Mai Alli:
Ƙanena, ban musa ba, amma ka san ƙishirwa?
A 1589, daga tsibiran Azores suna hanyar dawowa,
Ruwan sha ya ƙare, ga teku ba ta shayuwa.
Ƙanƙarar da ta zubo suke tsinta suna tsotsewa,
Tsumman da ruwan sama ya jiƙa, a baki ake matsewa.
Yana cikin jirgin nan, kuma bai fasa komawa.
A 1598 birnin San Juan na Puerto Rico ya faɗo hannunsa bayan gwabzawa,
Atuni ne ya kore shi, ba takobin Sifaniyawa.

Hajiya Uwar Marayu:
Malam, kuna ta batun teku, gidansa fa kun manta.
Margaret Russell ya aura, daga baya ya juya mata baya ya bar ta.
'Ya'ya maza biyu sun rasu ƙanana, sai Anne ita kaɗai tata.
Ya cika a 1605, tana sha biyar, wasiyya ta tsallake ta,
Ƙasar gado ya ba ƙaninsa Francis, ita kuɗi aka yanka mata.
Wallahi nan zuciyata ke ƙuna, marainiya ce aka cuta.
Har gaban Sarki James ta ƙi yarda a sayar da haƙƙinta,
Shekara 38 tana jira, sai 1643 gadon ya dawo hannunta.
Fadar Skipton da yaƙi ya rusa, ita ta tashe ta,
Bishiyar da ta dasa a 1659 na nan tsaye a farfajiyarta.