Neman kalma: me za mu kira silinda biyu na kulocin mai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa yaran gareji bayani da Hausa kan yadda ake gano matsala bayan an ɗaura sabon kuloci mai aiki da mai, irin na Hiace da tsohuwar Fijo 504, ba mai kebul ba. Kalmomi uku sun tsaya mini: masta silinda, silef silinda, da bilidin, wato aikin da ake yi wa layin mai bayan ɗauri. Ga aikin biyun farko a taƙaice. Direba ya taka kuloci, 'yar sanda ta tura fistin cikin silinda ta farko, ita kuma ta kora man birki ta siririn fayif zuwa ta biyu da ke jikin giyabos. Ta biyun ta danna boris, wato zoben ƙarfe mai juyawa da ke matsa murfin kuloci, faifan kuloci ya saki inji, giya ta shiga. Ma'anar masta da silef a Turanci ita ce ubangida da bawa. Ba na son in koya wa yaro wannan, don bai nuna masa komai game da aikin ba, kuma bawa ba kalmar wasa ba ce a wurinmu.

Daga Fanteka, Kaduna: Malam, kada ka wahalar da kanka. Mu kuloci na sama da kuloci na ƙasa muke cewa. Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano ka faɗi haka, za a miƙo maka abin da kake so.

Mai tambaya: Oga, a kasuwa kam haka ne, kuma zan ambata shi. Damuwata biyu ce. Feda kuloci, faifai kuloci, murfinsa kuloci, ga kuma waɗannan biyu. Suna ɗaya ya yi wa abu biyar kaɗan. Sannan a motoci da yawa na yanzu ta biyun ba ta waje. Tana can ciki zagaye da sandar giyabos, haɗe da boris, sai an sauke giyabos kafin a gan ta. Ka aiki yaro ya duba na ƙasa, ya kwanta ya leƙa, ya dawo ya ce motar ba ta da shi.

Daga Maraɗi: Ɗan'uwa, a nan da Faransanci muka koyi aikin, kuma sunansu ya fi: mai aikawa da mai karɓa. Sunan da kansa yana kai ka ga matsala. In ka danne feda ka riƙe, ta rinƙa nutsewa a hankali, kuma ba ɗigon mai ko'ina, robar cikin mai aikawa ce ta saki, man yana kewayawa baya. In kuwa ka ga mai na ɗiga ƙarƙashin giyabos, mai karɓa za ka tuhuma.

Wani dattijo, tsohon bakanike: Yaro na Maraɗi ya yi magana, sai dai "mai aika mai" zai harɗe harshe a bakin rami. Hausa tana da hanyarta tun da. Muna cewa uwar kuɗi, uwar garke, uwar riga. Ku ce uwar silinda da 'yar silinda. Uwa ce ke da gwangwanin mai a kanta ko kusa da ita, daga wurinta 'yar ke sha. Kuma ka rubuta musu wannan, Malam, don shi ne ke cin sabon faifai a banza: cikin uwar akwai ƙaramar kafa da mai ke komawa gwangwani idan an saki feda. In aka ƙara wa sandar feda tsawo fiye da kima, fistin ba zai koma ƙarshe ba, sai ya toshe kafar. Mai ya ɗau zafi ya kumbura, ya rasa hanyar komawa, 'yar ta zauna tana danne boris. Mota za ta bar gareji lafiya lau, a hanya kuloci ya fara sulɓi, direba ya dawo yana cewa an sa masa jabu. In kuma sandar ta gaza tsawo, kuloci ba zai saki duka ba, ka ji ribas tana ƙara kafin ta shiga. Dole a bar ɗan wasa a saman feda.

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan ya zauna mini. Har ya warware ɗaya matsalar: 'yar waje da 'yar ciki. Saura bilidin. Wani ya ba ni zubar da jini, wato fassararsa kai tsaye, na ƙi.

Daga Fanteka, Kaduna: Gara da ka ƙi. Yaro ya ji zubarwa, sai ya kwance ƙaramin notin da ke jikin 'yar silinda ya tsaya kallon mai na zuba, ya ɗauka ya gama. Iska ake nema. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, shi ya sa feda ke laushi, takun direba ya ƙare a iska bai isa wurin 'yar ba. Alamarta, in ka yi famfon feda da sauri sai giya ta shiga. Cire iska kawai za ka rubuta. Mutum ɗaya ya danne feda, ɗaya ya buɗe notin ya rufe, sannan a saki. In aka saki kafin a rufe, iskar ta koma. Kada gwangwani ya bushe ana cikin yi. Notin kuma ya zama shi ne a sama, don iska sama take hawa. Akwai masu ɗaura 'yar a karkace su yini suna famfo.

Daga Maraɗi: Ka ƙara musu maganar mai: DOT 3 ko DOT 4, gwargwadon abin da aka rubuta a murfi. Man inji ko man giya yana kumbura robobi. Kada kuma kowa ya taka feda alhali 'yar tana kwance a hannu, fistin zai fito waje.

Mai tambaya: Na gode, jama'a. Abin da zan sa ke nan: kulocin mai da kulocin kebul, uwar silinda, 'yar silinda, ta waje ko ta ciki, cire iska. A farkon babi zan faɗi cewa a kasuwa na sama da na ƙasa ake cewa, don kada yaro ya je sayen kaya a rasa gane shi. Saura ƙarfen nan mai baki biyu da 'yar waje ke turawa, wanda ake kira fok. Mai suna ya kawo.