Fakin a Kantin Kwari: ina mafita?

Dan Fagge: Jama'a don Allah ya za a yi da go-slow din Kantin Kwari? Motoci fakin hagu da dama, 'yan adaidaita na lodi a tsakiyar titi, masu kura na sauke dila, mutum ya rasa ta inda zai bi.

Bakanuwa: Wallahi yaya tun da aka hana acaba a 2013 adaidaita suka cika gari, kuma ba a ware musu wajen tsayawa isasshe ba.

Direban Kurna: KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, tun 2012 take, amma tara kadai ba ta isa ba, idan ka hana mutum fakin to ina zai kai motar? A gina wajen ajiye motoci mai hawa-hawa kusa da kasuwa, ko kudi ne za mu biya.

Bakanuwa: Kuma manyan motoci su dinga sauke kaya da daddare.