Auta za ta cika shekara 5, bikin fenti da liƙe-liƙe take so: ta ina zan fara?

Maman Auta

Assalamu alaikum iyaye, shawara na zo nema. Autata za ta cika shekara 5 ƙarshen wata mai zuwa, kuma duk wanda ya tambaye ta me take so a yi mata ranar, amsarta ɗaya ce: fenti. Yarinyar nan ko kwalin man goge baki ta tsinta sai ta yanka shi ta zana masa ido ta ce mage ce. Shi ne na ce bari a tara mata ƙawayenta a gida, kowa ya zauna ya yi aikin hannu, ya tafi da abin da ya yi.

Yaran za su kai goma sha biyu, yawanci ƴan shekara 4 zuwa 6, amma akwai ƙanne biyu da ba su cika uku ba, na kuma san iyayensu ba za su baro su ba. Falona ƙarami ne, kujerun masu ruwan madara, kun dai gane inda hankalina yake. Akwai ɗan fili mai inuwa a waje.

Abin da na rubuta a takarda: fentin yatsa, kambin kwali da ƙyalƙyali, sarƙar duwatsun ado, silayim (kwaɓin wasa mai yauƙi) ɗin da ta gani a YouTube, sai kwaɓin fulawa da gishiri da ake gina ƴan dabbobi da shi. Maigidan ya karanta ya ce wannan ai aikin zangon karatu guda ne. Awa biyu kacal nake so a yi. Guda nawa ya kamata in bari? Wane fenti ne yake fita a tufafi? Sannan gaskiya ina son abin da za su tafi da shi ya fito da kyau, kada iyaye su ga an ba ɗansu jiƙaƙƙiyar takarda mai ruwan ƙasa.

Malamar ƴan ƙanana

Wa alaikumus salam Maman Auta, Allah ya raya mana ita. Ajin ƴan shekara huɗu da biyar nake riƙewa, fenti ba ya rabuwa da ƙasan farcena, don haka bari in faɗa miki yadda nake yi.

Maigida ya fi ki gaskiya. A ajina, yaro in ya yi minti goma sha biyar a kan aiki ɗaya na zaune to ya yi ƙoƙari, wani yana dangwala burushi sau uku zai ce miki ya gama. Kuma tsakanin aiki da aiki ne lokaci yake tafiya: wanke hannu, sauya shimfiɗa, neman wanda ya gudu da almakashi. Ki bar uku. Na farko ba ma aiki ba ne sosai: ki shimfiɗa doguwar takarda a ƙasa ki liƙe gefunanta, ki zuba kireyon a tsakiya, duk wanda ya iso ya durƙusa ya fara, tunda ba tare za su zo ba. Na biyu fenti, kuma shi ne zai zo da wuri don ya samu lokacin bushewa yayin da ake wasa da yanka kek. Kambin kwali ya zo ƙarshe, busasshen aiki ne, yana gamawa ya ɗora a kai a ɗauki hoto.

Fentin da za ki saya shi ne wanda ake kira tempera ko fosta, mai narkewa a ruwa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana wankuwa. Ki guji akirilik. Yana da kyau a ido, amma da ya bushe sai ya zama kamar fatar roba a jikin yadi, babu sabulun da zai fitar da shi. Ni nakan ɗiga ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin fentin, yana sauƙaƙa wanki. Kala huɗu sun ishe ki: ja, rawaya, shuɗi, fari. Kada ki ajiye kwalba a gabansu, ki ɗiba kaɗan-kaɗan a murfin roba ko kwalin ƙwai, kowane yaro kala biyu da fari. Wannan shi ne maganin ruwan ƙasar da kike tsoro, domin sai ukun nan sun haɗu yake fitowa. Ja da rawaya ruwan lemo ne, ja da shuɗi shunayi, shuɗi da rawaya kore. Ki tsaya kusa da mai shuɗi da rawaya ki gani: zai ja burushin, ya tsaya cak, ya ɗaga ya leƙa ƙasansa ko wani ne ya zuba masa kore, sannan ya ƙwala wa na kusa da shi kira.

Ga dabarar da za ta kwantar miki da hankali. Daren jajibiri ki yanka kwali mai kauri, kowane yaro guda, ki rubuta harafin farko na sunansa da salatif ɗin takarda, irin wanda masu fentin gida suke liƙawa a gefen taga. Ki rubuta cikakken sunan a baya tun kafin fenti ya taɓa shi, in ba haka ba rigima ce a ƙofa. Yaro ya shafe kwalin yadda ya ga dama, da soso ko da yatsa. In ya sha iska ki ɓare salatif ɗin a hankali, harafin ya fito fari tas a tsakiyar kala. Duk yadda aka jagwalgwala shi yana fitowa da kyau, kuma babu hannun babba a ciki.

A nan ne zan ɗan saɓa miki. Kada ki yi samfuri ki ɗaga ki ce kowa ya yi irinsa. Da zarar sun ga naki, rabinsu za su ajiye burushi su ce "Anti ki yi min", sai ki wayi gari ke ce kike yin kambi goma sha biyu su suna kallo. Wata malamar ƙananan yara a San Faransisko ta Amurka, Rhoda Kellogg, ta tara zanen yara kusan miliyan ɗaya daga ƙasashe daban-daban, ta ga duk hanya ɗaya suke bi: zane-zanen banza, sai da'ira, sai rana mai tsinkaye, sai mutum wanda kai ne kawai da ƙafafu biyu a jikinsa. Ɗan shekara huɗu da ya zana miki mutum babu ciki babu wuya daidai yake a matakinsa. Kada kowa ya ƙara masa wuya. Kuma maimakon "mene ne wannan?" ki ce "ba ni labarinsa", za ki sha mamaki. Iyayen da hannunsu ke ƙaiƙayi, ki miƙa musu tasu takardar. Da gaske nake.

Anti Nas

Ƴar uwa, ni ƙannen nan biyu ne suka tsaya min a rai. A ɗakin yara na asibiti nake aiki, kuma dutsen ado a hanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Na hanci ma da sauƙi a kan wanda ya bi maƙogwaro. A dokar kayan wasa ta Amurka akwai ɗan bututun gwaji mai faɗin inci 1.25, wato santimita 3 da ɗan ɗori: duk abin da ya shige cikinsa ba a yarda a sayar da shi a matsayin kayan wasan ɗan ƙasa da shekara 3 ba. A gida ki gwada da kwalin tsakiyar takardar bayi, ya ɗan fi wancan faɗi, hakan ma ya fi. Duwatsun ado, maɓalli, idon roba da ake liƙawa, murfin maka (alƙalamin kala), duk za su wuce. Ki soke sarƙar. In dole sai an zura wani abu a zare, ki yayyanka irin wannan kwalin zobe-zobe su yi masa kala.

Silayim ma ki cire. Yawancin haɗin da ake nunawa da sinadarin wanki na borak ake yinsa, yana iya ƙona fata ko ya sa ƙaiƙayi, kuma yaro goma sha biyu ba ki da idon da zai ga wanda ya kai hannu baki. Kwaɓin fulawa kuwa, kofi biyu na fulawa ne a kan kofi guda na gishiri, gishirin da ya isa ya cutar da ƙaramin yaro in ya ci da yawa. Ba ya ma bushewa a ranar. Ki tambayi iyaye ko akwai wanda jikinsa ba ya son alkama, domin kwaɓin wasa na kanti, Play-Doh, ma da alkama a ciki.

Abubuwa uku kada su shigo gidan ko da a jakar tsaraba: ƴan ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa, ƙananan maganaɗisu, da kayan wasa masu walƙiya da batirin maɓalli yake fita cikin sauƙi. Duka ukun in an haɗiye aikin gaggawa ne. Balan-balan ki rataye shi sama, wanda ya fashe a tsince nan take, gargaɗin da ke jikin ledarsa har ƴan ƙasa da shekara 8 ya haɗa.

Wurin sayen fenti ki duba hatimin AP ko rubutun EN 71 a jikin kwalbar, alamun cewa an gwada lafiyarsa ga yara. Kuma fentin takarda ba na fuska ba ne, ko da an rubuta ba shi da guba. Ƙyalƙyalin gari in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, kada a murza. Tarayyar Turai ma ta hana sayar da na roba tun Oktoban 2023, su saboda gurɓata ruwa. Mai haɗe da gam ya fi, ba ya tashi. Sannan ki ware mutum ɗaya wanda aikinsa ƙananan nan ne kawai, ba mai raba kek ba, ba mai ɗaukar hoto ba.

Baban Tagwaye

Malama ta yi bayani, amma ni da ni ne ko kwalbar fenti ɗaya ba za ta shigo ba. Yara goma sha biyu da jiƙaƙƙen hannu suna buƙatar manya uku a tsaye, ɗaya a kan bokiti kawai. Mu da muka yi wa tagwaye, babban kwalin firiji na samo, na yanka masa ƙofa da taga biyu da wuƙa kafin su zo, na ajiye maka da sitika da takardu masu kala. Sai da aka yi ta kiransu cin kek suna ciki suna gardama a kan wa zai zana agogon bango. Almakashi da takarda ba ƙaramin aiki ba ne, shahararren mai zane Henri Matisse na Faransa bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 da su ya ƙarasa rayuwarsa yana aiki, ana kuma rataye ayyukan nasa a manyan gidajen adana zane har yau.

In kin tsaya a kan kambi, ki sayi gam na sanda, na ruwan nan fari yara tafki suke yi da shi, takarda ta yi laushi ta ƙi bushewa. Almakashi mai dakusasshen baki, ki haɗa da ɗaya ko biyu na bahago. Ki auna kan yaro ki manne kambin da kanki bayan ya gama ado, a shimfiɗe ya fi musu sauƙin aiki.

Maman Auta

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Nas kin tsorata ni amma gara haka, sarƙa da silayim da kwaɓi duk na soke, ƙanwata za ta riƙe ƙananan. Baban Tagwaye, fentin nan fa shi ne dalilin taron, in na cire shi mai bikin ba za ta yafe min ba. Amma kwalin ya shiga raina, zan ajiye shi gefe don masu gamawa da wuri. A waje za a yi komai, falo a kulle.

Malama saura biyu. Na yi niyyar ba da kyauta ga wanda nasa ya fi kyau, ya kike gani? Kuma me za su sa a jiki? Na ga wasu suna huda ledar shara su zura wa yara.

Malamar ƴan ƙanana

Gasar nan ki bar ta. Mutum ɗaya zai ci, sha ɗaya su yi kuka, kuma in ba Auta ce ta ci ba kin san sauran. Ki ɗaura igiyar shanya daidai tsayinsu, ki maƙale aikin kowa a kai, in iyaye sun zo ɗauka kowane yaro ya ja hannun nasa ya nuna masa. Igiyar ce kuma wurin bushewa, sai dai wanda fenti ya yi wa yawa ki bar shi a kwance tukuna, in ba haka ba zai zuba.

Leda kuma a'a, ba a koya wa yaro zura kai cikin leda. Tsofaffin rigunan maigida masu maɓalli za ki tattaro, a sa musu ta baya, a naɗe hannu, a kama wuyan da abin maƙale shanya. Ki rubuta a katin gayyata cewa a sa musu kayan da ba a jin ciwon ɓacinsu, don akwai uwar da za ta kawo tata cikin farar riga. Tunda a waje ne, ki liƙe kowane kwali a jikin tebur saboda iska. Bokiti biyu a kusa, ɗaya da sabulu ɗaya na ɗauraya, da tsumma da yawa, fiye da yadda kike zato. Ki yanka kwali uku ko huɗu na ƙari marasa harafi, domin dole wani zai zo da ɗan uwansa da ba a gayyata ba.