Wane wasan Maro Itoje ya kamata in fara da shi?

Abban Sadik: Salamu alaikum jama'a. Yarona ne ya dame ni da wani Maro Itoje, wai ɗan asalin Najeriya ne kuma shi ne kyaftin ɗin Ingila a zari-ruga. Ina so mu zauna mu kalla tare, amma ni ban san kan wasan ba. Daga ina za mu fara?

Kawu Lawal: Wa alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka, nemi Ingila da New Zealand, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na 2019 a Yokohama. Ingila ta ci 19 da 7, kuma shi aka ba gwarzon wasan. Sharaɗi ɗaya: ka cire idonka daga kan ƙwallo, ka bi mai lamba 4. Duk sanda aka fitar da ƙwallo gefe, za ka ga mutum biyu sun ɗaga shi sama ta cinyoyi ya cafe. Duk sanda aka kayar da wani, sai ka gan shi ya zura dogon hannunsa yana neman ƙwacewa. Aikinsa ke nan. Ba shi ne mai sheƙawa da gudu a yi ta tafi ba, shi ya sa sabon mai kallo yake rasa shi.

Abban Sadik: Na gode Kawu. To asalin nasa fa, gaskiya ne?

Anti Hauwa: Gaskiya ne. A Landan aka haife shi a 1994, amma iyayensa 'yan Najeriya ne, cikakken sunan Oghenemaro. Ka faɗa wa Sadik cewa ya karanci siyasa a jami'ar SOAS yana cikin buga wasa. Ni abin da nake nuna wa nawa yaran ke nan.

Nura: Kawu, da izininka, ni da 2017 zan fara. Lions, wato haɗakar Ingila da Wales da Scotland da Ireland, suka je New Zealand. A wasa na biyu a Wellington ana tafka ruwa, suka ci 24 da 21, filin ya ɗauka da waƙar sunansa. Yana ɗan shekara 22 a lokacin. Na kalli ƙarshen wasan nan ya fi sau biyar, har yau tsigar jikina na tashi.

Kawu Lawal: Mai kyau ne, Nura, amma an kori ɗan New Zealand ɗaya da jan kati tun kafin hutu. Wanda bai san dokoki ba zai rikice. A bar shi na biyu.

Malam Sani: Kowa na ta zancen ƙasa, an manta da ƙungiya. Mutumin nan Saracens ce ta raine shi kuma bai taɓa barin ta ba. Sun ci Kofin Turai da shi a 2016 da 2017 da 2019. Na 2016 da Racing 92 a Lyon, 21 da 9, duk ta bugun tazara aka ci, don haka yaro zai iya gundura. Ku ɗauki na 2019 da Leinster, 20 da 10. Amma abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne 2020. An samu ƙungiyar da laifin zarce iyakar albashin da doka ta yarda, aka jefa ta ƙaramin rukuni. Wasu suka tafi aro, shi ya zauna, suka dawo, suka sake cin gasar Ingila a 2023 a kan Sale. Da wani ne, da tuni ya bi kuɗi zuwa Faransa.

Nura: Kada dai mu mai da shi waliyyi, Malam. Akwai lokacin da ya yi fama da yawan laifi. Kalli wasan Ingila da Wales a Cardiff a 2021, alƙalin wasa ya yi ta hura masa usur, aka ci su 40 da 24.

Malam Sani: Haka ne. Mai wasa a bakin doka wata rana sai ƙafarsa ta zame. Wannan ma a nuna wa yaron.

Anti Hauwa: Ku bar masa na Melbourne ya zama na ƙarshe. A 2025 aka ba shi kyaftin ɗin Ingila, sannan na Lions, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙamin. Wasan Lions na biyu da Australia a Melbourne an fara yi musu nisa, suka biyo baya, suka dire ƙwallo a bayan layin Australia, wato suka ci maki, dab da tashi, 29 da 26. Kada ka bari Sadik ya duba sakamakon a Google kafin ku zauna.

Abban Sadik: Ai ni kin riga kin faɗa min, Anti. Zan dai kama bakina. Kawu, cikakken wasan zan nema ko taƙaitacce? Data ta yi tsada.

Kawu Lawal: Cikakke, ko da na Yokohama kaɗai ne. Taƙaitaccen yana yanke duk wuraren da yake aiki. Kuma kada ka tsallake farkon, inda 'yan New Zealand ke rawarsu ta gargajiya da ake kira Haka, 'yan Ingila suka jeru kamar harafin V suna fuskantar su. Minti biyu ba su cika ba Manu Tuilagi na Ingila ya dire ƙwallo ta farko.