Mene ne ya raba Kanada da Amurka a siyasa da al'ada?

Ɗaliba daga Samaru:
Assalamu alaikum. Yayana yana karatu a birnin Toronto na Kanada, kuma ransa yakan ɓaci idan mahaifiyarmu ta ce wa baƙi yana Amurka. Malamai, ina bambancin yake, tunda ƙasashen biyu maƙwabta ne?

Malamin tarihi daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Amurkawa da yaƙi suka ƙwaci 'yancinsu, suka shelanta shi a 1776, alhali Kanada ta haɗu a 1867 ba tare da ta juya wa masarautar Ingila baya ba, har yau Sarki Charles ne shugaban ƙasa, firaminista kuma daga majalisa yake fitowa. Mu ma a Najeriya irin tsarin Kanada muka bi kafin 1966, sai a 1979 muka ɗauki na Amurka.

Ma'aikaciyar jinya daga Kongo:
Malam ya yi bayani, amma ni harkar asibiti ta fi jan hankalina. A Kanada katin lafiya na lardi kake miƙawa likita ya duba ka, a Amurka kuwa yawanci inshorar wurin aiki ce madogara.

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari:
Kada a manta da Faransanci, wanda shi ne harshen mafi yawan mutanen lardin Kwebek na Kanada.