Vespar Baba tun 2013 tana zaure, ta ina zan fara?

Salam 'yan uwa, dan Allah masu harkar Vespa ku taimaka min da shawara. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar Vespa Super 150 ruwan toka, tun 2013 da aka hana goyo a babur a Kano ya jingine ta a zauren gidanmu a Gwammaja, ya ce amfanin me in ba zai kai Umma unguwa ba, to tun daga nan ba ta ƙara tashi ba. Wlh duk na wuce ta sai na tuna yadda yake tsayar da ni a gaba ya kai ni makarantar allo. Ina so in tashe ta, in mata baƙin fenti da fitilar LED da salansa mai ƙara. Wani abokina ma cewa ya yi in cire injin in ɗora na Boxer in huta. Kik ɗin yana motsi amma da nauyi, kuma ƙasan wajen taka ƙafa ya yi tsatsa.

Wani bakanike: Ƙanina kar ka ƙara taka kik ɗin nan. Cire filogi ka ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya da hannu a hankali, in ka matsa masa da ƙarfi ringi zai karye ya kankare maka bulok. Tanki a wanke, tsohon fetur ya zama danƙo, kabureta ma haka. Amma babban abin shi ne oyil sil na kiranshaf, roba ce, shekarun nan ta bushe, in ba ka canza ba inji zai dinga jan iska ya yi zafi fistin ya kama kana tsakiyar titi. Man giya SAE 30 wajen 250ml, wayoyin kuloci da giya duk sababbi. Kuma kar ka manta ita mai haɗi ce, 20ml na man 2T a kowace litar fetur.

Wani memba: Maganar injin Boxer ka manta da ita kawai. Injin Vespa shi ke riƙe da tayar baya, sai an yanka bodi an yi walda kafin wani ya zauna, kuma daga ranar ba Vespa ba ce.

Mai walda: Tsatsar ce ta fi damuna. Vespa ba ta da firam daban, bodin shi ne firam. Ka sa sukundireba ka danna ƙasan, in ya ɓule sai an yanke an sa sabon faranti kafin maganar fenti, kar wani ya shafe maka da foti ya fesa kala, damina ɗaya zai tona asiri.

Wani memba: Kayan Bajaj Super na Indiya da yawa suna shiga, ka zaga Ƙofar Ruwa amma ka riƙe tsohon a hannu ka gwada. Tayarta inci 8 ce, sai ka bincika sosai. LED kuma sai ka mayar da wutar 12V, yanzu 6V ce.

Wani dattijo: Ɗana Allah ya jiƙan mahaifinku. Tambaya ɗaya, an raba gado? In ba a raba ba ka zauna da 'yan uwanka a yi mata kuɗi ta faɗo rabonka kafin ka zuba ko sisi, na ga inda aka gyara abu ya yi kyau sannan rigima ta tashi. Ni dai da za ka ji tawa ka bar ruwan tokar nan, mutanen unguwa da kalar suka san shi.

Mai tambaya: Amin Baba, na gode. Gaskiya ba a saka ta a rabo ba, kowa ya ɗauka ƙarfe ne kawai, zan samu Yaya da maganar ranar Juma'a. Na faɗa wa Umma batun baƙin fenti, shiru ta yi ta ce a bar mata kalarsa. Oga bakanike yanzu na ɗiga man, salansar fa in bar ta asalin ko a ƙona ta a fitar da dattin?