Hotunan 'yan rawa a tsohuwar masana'anta suna fitowa dishi-dishi

Assalamu alaikum. Sati uku ke nan ina ɗaukar hotunan 'yan rawa a wata tsohuwar masana'anta, da hasken ranar da ke shigowa ta tagogin sama kawai nake dogara, kuma abin ya gagare ni. Idan saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, yana 1/125 na daƙiƙa, fuska takan fito sarai, amma hannaye da bakin riga sukan yi dishi-dishi da zarar mai rawar ta juya. Da na kai shi 1/500, na buɗe idon kyamara zuwa f/2.8 don ƙarin haske ya shiga, na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, har 6400, sai inuwar da ke tsakanin injuna ta cika da ɗigo-ɗigo, launin fata ma ya ɓaci. Na tsayar da mai rawar inda hasken ke sauka, rabin jikinta ya yi fari fat. Don Allah, wane saiti ne zai tsayar da motsin ba tare da hoton ya lalace ba?